Darasin Omikron: Allurar Rigakafi da Tsananin Cuta

[Kiɗan buɗe shiri]

Shirin faɗakarwa kan lafiyar al'umma na yau zai waiwayi ƙarshen shekarar 2021, lokacin da wani sabon nau'in cutar korona da aka raɗa wa suna Omikron ya ɓulla, ya ɗaga hankalin duniya cikin 'yan kwanaki. Tambayoyi biyu ne suka cika bakin jama'a a wancan lokaci, tun daga Johannesburg har Kano da Maraɗi. Shin allurar da aka yi wa mutane tana da sauran amfani? Shin kuma wannan nau'i ya fi na baya zafi ko ya fi shi sauƙi? Amsoshin da likitoci suka samu suna da amfani har gobe, domin ƙwayoyin cututtukan numfashi ba su daina rikiɗa ba.

Labarin ya faro ne a kudancin Afirka. A watan Nuwamba na 2021, a wani ɗakin gwaje-gwaje da ke Gaborone, babban birnin Botswana, masanin ƙwayoyin cuta Dakta Sikhulile Moyo da abokan aikinsa suka karanta tsarin halittar ƙwayar korona da aka ɗauko daga jikin wasu baƙi da suka shigo ƙasar, suka ga abin da ba su taɓa cin karo da shi ba. A daidai wannan tsakanin, wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a lardin Gauteng na Afirka ta Kudu ya lura da wani abu daban. Gwajin da suke yi yana neman alamomi uku ne a jikin ƙwayar. Sai ga samfura suna ta shigowa, alamomi biyu suna bayyana, ta ukun ta ɓace. Aka sanar da hukumar kula da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasar da tawagar Farfesa Tulio de Oliveira, suka duƙufa, cikin 'yan kwanaki suka tabbatar cewa sabon nau'i ne.

Ranar 24 ga Nuwamba Afirka ta Kudu ta kai rahoto ga Hukumar Lafiya ta Duniya. Ranar 26 ga wata hukumar ta sa masa suna Omikron, ta kuma sanya shi cikin jerin nau'o'in da ke da haɗari.

Abin takaici, maimakon a yaba wa waɗannan ƙasashe saboda sun faɗi gaskiya da wuri, sai aka rufe musu ƙofa. Birtaniya da Amurka da ƙasashen Turai suka hana matafiya daga kudancin Afirka shiga. Ranar 1 ga Disamba hukumar daƙile cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta sanar da samun nau'in a Najeriya, ranar 6 ga wata Birtaniya ta sanya Najeriya cikin jerin ƙasashen da ta taƙaita wa shiga, Saudiyya ma ta dakatar da jiragen Najeriya, abin da ya shafi masu niyyar Umara kai tsaye. Amma an riga an makara. Ƙasar Holan ta gano nau'in a cikin samfuran da aka ɗauka a can tun kafin Afirka ta Kudu ta yi sanarwa. Ranar 15 ga Disamba Birtaniya ta soke jerin baki ɗaya, domin Omikron ya riga ya bazu a cikin Landan.

Me ya sa masana suka firgita haka? Ƙwayar korona ba ta iya hayayyafa da kanta, sai ta kutsa cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum ta tilasta musu su yi ta kwafo ta. Kwafi kuwa ba ya rasa kuskure. Yawancin kurakuran ba su ƙara mata komai, wasu ma nakasa ta suke yi, amma jefi-jefi akan sami wanda zai ƙara mata saurin yaɗuwa ko ya sauya mata kama. Omikron ya zo da sauye-sauye kusan 50, sama da 30 daga ciki a kan ƙayoyin da ke kewaye da ƙwayar, waɗanda da su take maƙale wa jikin mutum ta shiga. Waɗannan ƙayoyi kuwa su ne alluran Pfizer da Moderna da AstraZeneca da Johnson & Johnson suka koya wa jiki ya gane, kuma siffar ƙwayar farko ta birnin Wuhan aka koya masa.

Sakamakon farko ya fito daga birnin Durban ranar 7 ga Disamba. Farfesa Alex Sigal da tawagarsa suka ɗebi jinin mutum 12 da suka karɓi allurar Pfizer, suka haɗa shi da ƙwayar Omikron mai rai a ɗakin gwaji. Ƙarfin jinin na tare ƙwayar ya faɗi da kusan ninki 40 idan aka kwatanta da ƙwayar farko. Wannan adadi ya zaga duniya a yini guda, mutane da yawa kuma suka ɗauka cewa allura ta tashi a banza.

Ba haka lamarin yake ba, dalilin kuwa yana cikin yadda Allah ya tsara garkuwar jikin ɗan Adam. Kariyar hawa-hawa ce. Hawa na farko wasu sinadarai ne da ke yawo cikin jini da majina, waɗanda likitoci ke kira antibodi. Aikinsu su maƙale wa ƙayoyin ƙwayar su hana ta shiga. Su ne gwajin Durban ya auna, su ne kuma ke raguwa bayan 'yan watanni da yin allura. Hawa na biyu wasu fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira ƙwayoyin T, waɗanda ba sa hana cuta shiga, sai dai su bi sawu su hallaka duk ƙwayar jikin da ta riga ta kamu, kafin cutar ta gangara huhu ta yi ɓarna.

Misalin abin kamar gida ne mai maigadi a bakin ƙofa da kuma mazaje a tsakar gida. Maigadi fuskar ɓarawo aka nuna masa, idan ɓarawon ya naɗa rawani ya rufe fuska yana iya wuce shi. Mutanen cikin gida kuwa sun san tafiyarsa, sun san muryarsa, sun san tsayinsa, da wuya ya sauya dukkan waɗannan a lokaci guda. Zai shiga, amma ba zai kai ga ɗakin ajiya ba.

Masana a Jami'ar Cape Town, cikinsu har da Farfesa Wendy Burgers da Dakta Catherine Riou, sun auna wannan hawa na biyu. Suka gano cewa kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na ƙarfin ƙwayoyin T yana nan daram a kan Omikron, ko a jikin wanda ya yi allura ko wanda ya taɓa kamuwa ya warke.

Sai dai gwajin kwalba daban, abin da ke faruwa a asibiti daban. Ranar 14 ga Disamba kamfanin inshorar lafiya mafi girma a Afirka ta Kudu, Discovery Health, tare da majalisar binciken lafiya ta ƙasar, suka fitar da nazari kan sakamakon gwaji sama da 200,000. Allurar Pfizer sau biyu, wadda a zamanin nau'in Delta da ya gabaci Omikron take hana kamuwa da kashi 80 cikin 100, ta dawo kashi 33 kacal. Amma kariyarta daga kwanciya a asibiti, wadda take kashi 93 a da, ta tsaya a kashi 70.

Yana da kyau mai sauraro ya fahimci abin da wannan kashi 70 ke nufi. Idan aka ɗauki rukuni biyu na mutane masu yawa ɗaya da shekaru iri ɗaya, rukunin da bai yi allura ba ya aika mutum 100 asibiti, to rukunin da ya yi allura mutum 30 zai aika. Gadaje 70 ke nan da suka rage wa masu haihuwa da waɗanda suka yi haɗari da masu sauran cututtuka.

A ƙarshen Disamba wani sakamakon ya biyo baya. Afirka ta Kudu ta yi wa ma'aikatan lafiyarta kusan rabin miliyan allurar Johnson & Johnson a wani shiri mai suna Sisonke, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Glenda Gray. Waɗanda aka ƙara wa allura ta biyu, kariyarsu daga kwanciya a asibiti ta kai kashi 85 cikin 100 bayan wata ɗaya zuwa biyu, alhali Omikron na kan ganiyarsa, su kuma kullum suna tsakiyar marasa lafiya. A Ingila ma hukumar tsaron lafiya ta bi diddigin lamarin: allurar Pfizer sau biyu tana hana rashin lafiya da kusan kashi 65 a makonnin farko, bayan wata shida ta faɗo ƙasa da kashi 10, allura ta uku kuma ta sake ɗaga ta sama da kashi 60. Kariya daga kwanciya a asibiti bayan allura ta uku kuwa ta doshi kashi 90.

Amsar tambaya ta farko ke nan. Allura ta yi rauni wajen hana kamuwa, ta riƙe ƙarfinta wajen hana jigata da mutuwa, allurar ƙari kuma ta farfaɗo da duka biyun.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro barka da dawowa. Tambaya ta biyu ta fi ta farko sarƙaƙiya: shin Omikron ya fi nau'o'in baya sauƙi?

Wadda ta fara faɗin haka a bainar jama'a ita ce Dakta Angelique Coetzee, likita a birnin Pretoria kuma shugabar ƙungiyar likitocin Afirka ta Kudu a lokacin. Ta ce marasa lafiyar da ke zuwa wurinta suna kukan matsananciyar gajiya da ciwon kai da ciwon jiki da ƙaiƙayin maƙogwaro, ba sa rasa jin ƙanshi ko ɗanɗano kamar masu Delta, kuma yawancinsu a gida suke warkewa. Asibitocin Gauteng suka tabbatar da wani ɓangare na maganarta. An kwantar da mutane, amma masu buƙatar iskar oksijin ba su kai na baya ba, kwanakin jinya sun ragu, ɗakunan masu tsananin jinya ba su cika maƙil ba. Kafin ƙarshen Disamba gwamnatin Afirka ta Kudu ta ce guguwar ta fara lafawa, ta ɗage dokar hana fitar dare.

Akwai dalili daga ita kanta ƙwayar. Masana a Jami'ar Hong Kong sun shuka ta a kan naman jikin mutum a ɗakin gwaji, suka ga tana hayayyafa a bututun iska na sama da saurin da ya ninka na Delta kusan sau 70, amma a cikin naman huhu saurinta ya gaza na ƙwayar farko da fiye da ninki 10. Cutar da ta tsaya a hanci da maƙogwaro ta fi saurin yaɗuwa, domin kowane tari da atishawa fitar da ita yake yi, amma ba ta cika toshe numfashi kamar wadda ta sauka huhu ba. Wani babban nazari a Ingila ya nuna cewa haɗarin kwanciya a asibiti da Omikron ya gaza na Delta da kusan kashi 60 cikin 100, haɗarin mutuwa kuma da kusan kashi 70.

Amma akwai dalili na biyu, wanda bai fito a kanun labarai sosai ba, shi ne irin jikin da ƙwayar ta tarar. Farfesa Shabir Madhi na Jami'ar Witwatersrand da tawagarsa sun bi gida-gida a Gauteng daf da zuwan Omikron, suka gwada jinin mutum kusan 7,000. Kashi 73 cikin 100 suna ɗauke da alamar garkuwa. Ko cikin waɗanda ba su taɓa yin allura ba, kusan kashi 68 sun riga sun gamu da korona a guguwa uku da suka gabata. Ma'ana, Omikron ya sauka ne a kan al'umma mai yawan matasa, wadda jikinta ya riga ya san abokin gaba. Wannan garkuwa kuwa da tsada aka saye ta, domin dubban mutanen da ba su tsallake guguwar nau'in Beta da ta Delta ba suna kwance a maƙabarta.

To idan ƙwayar ta tarar da tsofaffin da ba su taɓa kamuwa ba, ba su kuma yi allura ba, yaya za a kwashe? Birnin Hong Kong ya ba da amsa a farkon 2022, amsa mai ɗaci.

Hong Kong birni ne mai mutum sama da miliyan 7, mai arziki da asibitoci na zamani. Shekara biyu ya yi yana tsare iyakokinsa da killace duk mai shigowa, har ya zamana mutum 213 kaɗai korona ta kashe kafin ƙarshen 2021. A lokacin allura tana nan kyauta, iri biyu, Sinovac da BioNTech. Amma tsofaffi da yawa suka ƙi zuwa. Wasu suna tsoron illar allura saboda suna da hawan jini ko ciwon zuciya, wasu 'ya'yansu ne suka hana su, wasu kuma suka ga babu cutar a gari, babu dalilin gaggawa. A ƙarshen Disamba na 2021, cikin waɗanda suka kai shekara 80, ko kashi 20 cikin 100 ba su cika allura biyu ba.

Da Omikron ya keta shingen, sai abin ya zama tashin hankali. A watan Fabrairu, cikin sanyi, aka riƙa jera tsofaffi a kan gadaje a harabar asibitoci saboda babu wuri a ciki. Ɗakunan ajiye gawa suka cika har aka kawo kwantenoni masu sanyi. Daga 6 ga Janairu zuwa 21 ga Maris an rasa mutum 5,906. Kashi 96 cikin 100 na mamatan sun kai shekara 60 ko sun haura, kuma kashi 70 na waɗannan ba su taɓa yin allura ba. Dattijon da bai yi allura ba, haɗarin mutuwarsa ya ninka na tsaransa mai allura biyu fiye da sau 20. A watan Maris, idan aka auna da yawan jama'a, babu inda ake mutuwa da korona a duniya kamar Hong Kong.

Ƙasar New Zealand ma ta tsare iyakokinta, ita ma mutanenta ba su taɓa gamuwa da cutar sosai ba, Omikron kuma ya afka mata a watannin nan dai. Bambancin shi ne kusan kashi 95 cikin 100 na dattawanta sun yi allura biyu. A ranakun da abin ya fi tsanani a wancan zango, Hong Kong na rasa kusan mutum 38 cikin kowane miliyan a kullum, New Zealand kuwa kusan mutum 2. Nau'in ƙwayar ɗaya ne, lokacin ma ɗaya ne. Daga baya masana a Hong Kong suka nuna cewa allura uku, ko ta Sinovac ko ta BioNTech, tana kare tsofaffi daga jigata ko mutuwa da fiye da kashi 95 cikin 100.

Akwai kuma lissafin yawa. Idan cuta ta rage zafi da rabi amma ta kama ninki huɗu na mutane, asibiti zai karɓi ninki biyu na marasa lafiya. Haka ta faru a Amurka, inda a farkon Janairu na 2022 aka ba da rahoton kamuwar mutum sama da miliyan 1 a rana guda, daga baya cikin watan masu kwance a asibiti suka haura 150,000, ana rasa sama da mutum 2,000 a kullum. Shi ya sa ranar 6 ga Janairu shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Dakta Tedros Adhanom Ghebreyesus, ya gargaɗi duniya cewa ko da yake Omikron bai kai Delta zafi ba, musamman ga masu allura, kada a ɗauke shi ƙaramar cuta. A farkon Fabrairu hukumar ta ce tun bayan bayyanarsa mutum miliyan 130 sun kamu, rabin miliyan sun rasu.

[Gajeren kiɗa]

A majalisu da tashoshin mota da gidajen biki, maganar da aka fi ji a wancan lokaci ita ce: ai wane ya yi allura har biyu, ga shi ya kamu. Gaskiya ne, an kamu, kuma bayanin da ya gabata ya nuna dalili. Wasu kuma suka ji labarin cewa a asibitocin Turai masu allura sun fi yawa a kan gadaje, suka ce to ina amfanin? Wannan yana buƙatar ɗan lissafi na misali. A ƙaddara gari mai dattawa 1,000, an yi wa 900 allura, 100 ba su yi ba. Idan cikin marasa allura mutum 10 suka kwanta a asibiti, masu allura kuma aka kwantar da 3 cikin kowane 100, za a sami mutum 27 masu allura da 10 marasa allura a ɗakin jinya. Mai leƙawa ta taga zai ce masu allura sun fi yawa. Amma haɗarin wanda bai yi ba ya ninka na wanda ya yi fiye da sau uku, kuma da babu allurar baki ɗaya, da mutum 100 ne a kwance maimakon 37.

Ina wannan darasi ya shafi ƙasar Hausa? Najeriya da Nijar ƙasashe ne na yara da matasa. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, a Najeriya ma sun haura kashi 40 cikin 100. Wannan ya sa cutar da ke farautar tsofaffi takan wuce ba a ga girman ɓarnarta a alƙaluma ba, sai a gidajen makoki. Mutanen Kano ba su manta da watan Afrilu na 2020 ba, lokacin da masu haƙar kabari suka fara kokawa da yawan gawarwaki, aka yi ta rasa malamai da 'yan boko da masu sarauta a jere. Ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana daga baya cewa an ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomin birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa da hannun korona a ciki. Yawancinsu dattawa ne masu hawan jini ko ciwon suga.

Allura ta iso yankin a makare. Ghana ce ta fara karɓar kason shirin rabon allura na duniya mai suna COVAX ranar 24 ga Fabrairu na 2021, Najeriya ta karɓi allurar AstraZeneca kusan miliyan 4 ranar 2 ga Maris. Lokacin da Omikron ya ɓulla, ko kashi 5 cikin 100 na 'yan Najeriya ba su cika allura ba, alhali ƙasashe masu arziki suna kan ta uku. Ranar 22 ga Disamba na 2021 hukumar kula da lafiya a matakin farko, ƙarƙashin Dakta Faisal Shu'aib, ta lalata allura sama da miliyan 1 a Abuja a gaban 'yan jarida, saboda an ba da su gudummawa ana saura 'yan makonni wa'adinsu ya ƙare. Aikin Hajji na 2022 ya ja mutane da yawa zuwa ɗakunan allura, domin Saudiyya ta shardanta rigakafi ga alhazai miliyan 1 da ta amince wa, amma ta taƙaita shekarunsu zuwa ƙasa da 65. Waɗanda suka fi kowa buƙatar kariya suka zamana ba su cikin wannan layi.

Ranar 5 ga Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin dokar ta-ɓaci a kan korona, amma zuriyar Omikron ta ci gaba da fitowa da sunaye irin su BA.5 da XBB da JN.1, kamfanoni kuma suna sabunta allura don ta dace da wanda ke yawo. Haka aka daɗe ana yi da murar nan mai zafi ta infuluwenza, wadda masana ke zama sau biyu a shekara su zaɓi nau'o'in da za a sa cikin allurarta. A watan Maris na 2023 kwamitin ƙwararru na hukumar ya fayyace waɗanda ya kamata a fi mayar da hankali a kansu: tsofaffi, masu ciwon suga ko ciwon zuciya, masu raunin garkuwar jiki kamar masu ɗauke da ƙanjamau, mata masu juna biyu, da ma'aikatan lafiya. Su ne aka ba shawarar ƙarin allura bayan wata 6 zuwa 12, gwargwadon shekaru da halin lafiyarsu.

Saboda haka, duk ranar da rediyo ya sanar da sabon nau'i, akwai abubuwan da suka kamata magidanci da uwargida su riƙe. Labarin mako na farko ba ya nuna zafin cuta, domin kwanciya a asibiti takan biyo bayan kamuwa da mako ɗaya zuwa biyu, mutuwa kuma da mako uku zuwa huɗu. Idan aka ce allura ta yi rauni, a tambaya: wajen hana kamuwa ne ko wajen hana kwanciya a asibiti? Idan aka ce nau'in yana da sauƙi, a tambaya: a jikin su wa aka gani, matasa masu garkuwa ko tsofaffi marasa ita?

A cikin gida kuwa, Baba da Inna da Kaka su ne abin lura. Mai mura da tari ya rage zama kusa da su, ya sa takunkumi idan zai shiga ɗakinsu, a buɗe tagogi iska ta riƙa ratsawa, musamman lokacin hunturu da ake rufe ko'ina saboda sanyi da ƙura. Idan dattijo ya fara haki, ko ƙirjinsa na ciwo, ko ya rikice ba ya gane mutane, ko barci ya rinjaye shi ana tashinsa da ƙyar, to a garzaya da shi asibiti a wannan rana, kada a tsaya sayen ƙwayoyi a kemis. Akwai 'yar na'ura da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar oksijin a jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa abin da ya gaza 90 a matsayin ciwo mai tsanani. Wanda ke da tsoho ko mai ciwon suga ko mai juna biyu a gida, ya je cibiyar lafiya mafi kusa da katin allurarsu a hannu, ya tambayi ma'aikatan wace rigakafi ce ake da ita da kuma lokacin da ya dace a yi musu.

A nan shirin na yau ya zo ƙarshe. Sai wani mako idan Allah ya kai mu.

[Kiɗan rufe shiri]